Rim Huɗu na Injiniya

Duk wanda bai taɓa zama kusa da Injiniya ba, bai san abin da ake kira ilimi ba. Mu da Allah ya haɗa mu layi ɗaya da shi, sai godiya. Gaskiya ne bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, amma wannan sa'ar malaman ce, don da ya shiga, su za su koma kan benci. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka ƙara masa namu a bayan ido: Ba-a-gaya-maka. In fankarka ta lalace, kada ka bari ya ji. Zai zo ya wargaza ta, ya yi maka bayanin yadda iska ke tafiya, ya tafi ya bar ka cikin zufa.

Yana da a-kori-kura fara. A takarda tasa ce, a aiki kuwa ta kajin matarsa ce. Ita ke kiwon kaji masu ƙwai a bayan gida, kuma da ƙwan nan ake ɗora tukunya, ko da yake Injiniya yana kiran sana'ar "ɗan abin da take rage zaman banza da shi". Shekara biyu baiwar Allah tana zarya zuwa wani babban gidan burodi don su karɓi ƙwanta. A ƙarshe manajar ta ce ta kawo kiret tamanin ranar Litinin kafin ƙarfe tara. In ya iso lafiya, ita ce mai kawowa daga ranar. In bai iso ba, akwai masu jira.

Da jin haka Injiniya ya ce motarsa ba za ta shiga harabar manyan mutane da tsofaffin rim masu tsatsa a ƙafafunta ba. Ran Asabar sai ga shi da sababbi huɗu, masu kauri, masu ƙyalli, har kana ganin haƙoranka a ciki. Ya kai wa tsohon makanikin da ke bakin titi, ya tsaya a kansa hannu a ƙugu.

Tsohon ya ɗaga mota a jak, ya cire ƙafa ɗaya, ya gwada sabon rim. Ramuka shida, ƙusoshin ƙafar mota shida, komai ya shiga. Injiniya ya dube mu baki har kunne. Tsohon ya ɗauki noti ya murza da yatsu, ya ƙirga, ya girgiza kai.

"Yallaɓai, ba zan ɗaura ba. Rim ɗin nan ya fi tsohon kauri, ƙusar da kyar ta leƙo. Noti zagaye uku ya ci, alhali goma ya kamata. Ga shi bakin ramin kamar mazurari yake, notunanka kuwa gindinsu a shafe. Ba za su zauna ba. A samo dogayen ƙusoshi da notunan da suka dace, Talata na gama maka."

Injiniya ya yi irin murmushin da likita ke yi wa mai jinyar da ya kawo shawara.

"Baba, ka ga matsalarku ke nan, aiki ba nazari. Rami shida, ƙusa shida, lissafi ya fita. Noti ba ya ƙirga zagaye, ƙarfi ya sani. Ni da kake gani, na fahimci ƙarfe tun kafin ka fahimci sifana."

Tsohon, wanda ya shekara arba'in a ƙarƙashin motoci, ya mayar da tsohuwar ƙafa, ya sauke jak, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ran Lahadi aka yi aikin a ƙofar gida, gaban jama'a, don ilimi ba a ɓoye shi. Injiniya ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya hau ya yi ta tsalle a kai har ƙarfe yana kuka. Ya ce kukan nan shi ne shaidar noti ya kama. Matar ta leƙo da bokitin dusa a hannu.

"Baban yara, da ka bar tsofaffin har mu kai ƙwan nan. Gabana faɗuwa yake yi wallahi."

"Ke dai ki kula da kaji," in ji shi, "ki bar wa masu kai harkar ƙafa."

Litinin da safe aka jera kiret tamanin. Ita da kanta ta sa tsumma tsakanin kowane layi, ta ɗaure da igiya, ta zauna gaba tana addu'a. Injiniya ya sa baƙin tabarau, ya ja mota a hankali har ƙarshen layi don kowa ya more kallo. Da suka hau babban titi, wani abu ya fara ƙwanƙwasa daga baya. Ta ce ko su tsaya. Ya ce sabon rim ne yake sabawa da mota.

A kwanar da ke gaban gidan mai, wata taya mai ƙyalli ta wuce su ta hagu a guje. Injiniya ya nuna ta da yatsa.

"Kin ga sakarcin direbobin yanzu? Wani ya..."

Bai ƙarasa ba motar ta durƙusa. Igiya ta tsinke. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani sun ce titin ya yi rawaya tun daga kwana har bakin kwata. Ba wanda ya ji ciwo. Matar ta fito ta tsaya tana kallon wahalar shekara biyu tana gangarawa, ko kuka ta kasa. Ni da na iso wurin, tausayinta ya hana ni dariyar da na daɗe ina tanadi. Ta tsinci kiret huɗu da suka tsira, ta kira manajar. Manajar ta yi mata jaje sosai, ta kuma ce wani ya riga ya sauke nasa.

Injiniya kuwa ya tara 'yan kallo yana nuna musu ƙusoshin da haƙoransu suka suɗe. Ya ce binciken farko ya nuna laifin kwalta ne, da kuma nauyin ƙwai, wanda kajin zamani suke yi fiye da ƙa'ida.

Tun ranar makullin mota yake cikin jakar matar. Tsohon makaniki ya mayar da rim masu tsatsa, ita ke tuƙi, tana bin ƙananan shaguna da kiret bibbiyu kamar da. Sababbin huɗun kuwa ta kwantar da su a ɗakin kaji, ta cika su da ɓuntu, kaji suna hawa suna ƙwai a ciki.

Rannan Injiniya ya kai baƙi bayan gida yana nuna musu, yana cewa tsarin zamani ne da shi ya ƙirƙiro. Matar tana tsintar ƙwai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Gaskiya ne, ku yaba masa," ta ce. "A nan kam sun dace. Tunda aka cire hannunsa daga kansu, ko ƙwai ɗaya ba su sake fasawa ba."