Layukan da Na Binne da Ransu

Ni mutum ne mai taka-tsantsan. Ko kwaɗon shagona sai na ja shi sau uku kafin in tafi. Shi ya sa Ishaku, maƙwabcina a Makera, ya bar mini kwamfutarsa in gyara masa Hausar da ke cikin manhajarsa. Manhajar tana sa tsofaffin wasannin gem na talabijin su yi aiki a kwamfuta, kuma washegari zai gwada ta gaban wani Alhaji mai gidan wasa a Romi.

Ina dubawa sai na ga wasu layuka sun yi toka-toka, ba launi kamar 'yan'uwansu. Na goge ɗaya, na kunna wasa: lafiya lau. Sai na share sauran kaf. Har tsohon kwafin manhajar na goge, don kada ya rikita bawan Allah.

Washegari allon Alhaji ya yi baƙi ƙirin. Ashe kwamfutocinsa da tsarin Linux suke aiki, ta Ishaku kuwa da Windows.

"Malam, ina layukana?" in ji Ishaku.

"Matattun? Ai na kwashe maka su."

"Barci suke yi! Sai a injin Alhaji suke tashi!"

Mako biyu ya yi yana sake rubuta su kafin Alhaji ya kuma sauraronsa. Ishaku ya yafe, unguwa ba ta yafe ba. Har yau, da Oga Chukwu makanike ya hango ni, sai ya zunguri duk mai gyangyaɗi a benci: "Tashi, tashi! Ga mai binne masu barci nan tafe."