Akwatin Ƙarfen Mai Girma da 'Ya'yan Ceniza

Yau da hantsi, ina tsaka da wanke tsummokaran karyata, wani Injiniya daga ofishin gari ya shigo gidana da jakarsa ya yanke wa 'yan kwikwiyona huɗu hukuncin kisa. Laifinsu kuwa ba su da gashi. Bari in faro muku daga tushe, don kada ku ce ni Eleuterio na karya kumallo da giyar chicha.

Karyar tawa sunanta Ceniza. Biringo ce, irin karnukanmu na bakin teku da Allah ya halitta tsirara, fata sumul, jiki da ɗumi kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Shekararta bakwai, likitan dabbobi kuma ya ce daga wannan cikin ta gama. Bara a kwalin taliya ta haihu, ƙarƙashin gado. Ta juya ta danne uku ta matse su da bango, na huɗun kuma sanyi ya tafi da shi bayan kwana biyu. Ni na binne su a gindin bishiyar algarrobo, na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Surukata Doña Eufemia shekararta tamanin da ɗaya, sanyin ƙashi ya cinye mata gwiwoyi. Tun tana budurwa da biringo take kwana a ƙafafunta, yadda uwarta ta yi. Nata ya mutu a watan Yuni, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, tun daga nan barcinta ya zama rabi da rabi. Na yi mata alkawarin ɗaya daga cikin 'ya'yan Ceniza.

"Ka dai yi da jiki, Eleuterio," ta ce. "Ni da karyar taka babu mai jiran baɗi."

Ana cikin haka sai Mai Girma Uban Alkawura, wanda ya buɗe mana famfon unguwa har sau uku ba tare da ɗigon ruwa ya kunyata shi ba, ya wayi gari ya gano cewa biringo gadon kakanni ne. Madalla da wannan basira. Nan da nan aka kafa Ofishin Raya Karen Gado, da darakta, da mataimakin darakta, da sakatarori uku, da sabuwar mota mai shan mai ta ƙofar baya lokacin da mu muke tura baburanmu masu ƙafa uku a layi. Sai doka ta biyo baya. Kowace biringo za ta haihu a cikin akwatin da gwamnati ta ƙera, in ba haka ba 'ya'yanta ba su da takarda. Wanda ba shi da takarda kuwa karen titi ne, motar kamen karnuka tana da iko da shi.

Na je karɓar akwatin. Awa biyu na yi a tsaye kafin in gane layin gidan mai na bi, don layukan biyu sun sarƙe a kwanar kasuwa. Na koma na sake farawa. Sai azahar na fito da abin a ka: akwatin ƙarfe, dogo, tsukukke, shuɗin fenti, da fuskar Mai Girma a bango uku daga ciki, don ɗan kwikwiyo yana buɗe ido ya san wanda zai gode wa.

Maƙwabcina Don Zenón Yarlequé kafinta ne, shekara arba'in yana gyaran jiragen masunta. Ya zagaya akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa.

"Wa suka auna da suka ƙera wannan?"

"Karya, in ji su."

"A tsaye suka auna ta, maƙwabci. Ka taɓa ganin karyar da ta haihu a tsaye tana sara wa tuta?"

Na ce ban taɓa ba, amma ni ban yi karatu mai zurfi ba.

"Kwantar min da ita," ya ce. Na kwantar da Ceniza a gefenta ta miƙe ƙafafu, ya auna ta da igiya daga hanci zuwa gindin wutsiya, ya ƙara taƙi guda. "Wannan ne faɗin ɗakinta. In ya fi haka 'ya'yan su ɓace mata su daskare a kusurwa, in ya gaza ta kwanta a kansu. Sannan ina sandar?"

"Wace sanda?"

"Wadda ake zagaya bangon da ita daga ciki mana. Yatsa huɗu daga ƙasa, yatsa huɗu daga bango. In uwar ta faɗa da baya sandar ta tare ta, wanda ya maƙale a bayanta ya shige ƙarƙashi ya sha iska. Da kana da ita bara da ba ka haƙa rami ba." Ya sake dukan ƙarfen. "Kuma ɗan da ba shi da gashi ko ɗaya za ka shimfiɗe a kan wannan, a sanyin watan Agusta? Ai gara ka sa shi a firjin mai kifi, can aƙalla babu mai yi masa murmushi."

"To takardar fa, Don Zenón?"

"Takarda ka yi wa tsohuwa alkawari, ko kare?"

Kwana biyu ya yi yana ƙera nasa da ragowar katakon jirgi. Ya ɗaga ƙasansa daga siminti, ya rage tsayin ƙofar yadda nonon uwar ba zai gurzu ba, ƙananan kuma ba za su iya tsallakewa ba. Muka shimfiɗa tsofaffin jaridu, har da shafin nan nawa, wanda a ranar ya yi aikin da ya fi kowane amfani tun da na fara rubuta shi. Akwatin Mai Girma kuwa na kai shi kicin muka zuba albasa, kuma gaskiya albasa ba ta taɓa samun masauki irinsa ba.

Mako uku ke nan da Ceniza ta haihu, bayan cin abincin rana. Biyar ta zuba, huɗu tsirara, ɗaya da gashi buzu-buzu, kamar yadda ake samu a kusan kowace haihuwar biringo. A rana ta uku ina zaune na ga ta faɗa da baya jikin bango, na ji wani ɗan kuka siriri. Na zura hannu ƙarƙashin sandar na zaro autansu, da ransa, yana ta masifa.

To, yau ga Injiniya. A garin nan duk mai jaka Injiniya ne, in ya ɗaura laktaye ya zama Dokta. Da ƙafa ya zo yana ɗingishi, don motar ofis tana wurin matar darakta. Ya leƙa akwatin katako, ya ja da baya, ya toshe hanci da hankici.

"Ka ga abin da akwati marar izini yake jawowa ko? Ƙazuwa. Duk gashinsu ya zube."

"Ranka ya daɗe, biringo ne."

"Na sani, ai ofishinsu nake. Wancan mai gashin shi kaɗai ne lafiyayye." Ya dubi Ceniza ya girgiza kai. "Har uwar ta kamu. Huɗun nan jibi mota za ta zo ta kwashe su, kada su shafa wa karen gado cuta."

Ina tsoron abin da zai fito daga bakina, don jakarsa tana da wasu takardun. Doña Eufemia ce ta dogaro sandarta daga ɗaki ta tsaya tana kallonsa sama da ƙasa.

"Kai ɗan gidan waye?"

"Ɗan Casilda Sernaqué ne, Mama. Amma a babban birni na tashi."

"Na ga alama. Kakarka biringo biyu gare ta, ɗaya a kowace ƙafa. Zauna, ɗan nan, na ga kana jan gwiwa. Naɗe wandon."

Ya zauna, don babu wanda ya taɓa ƙin zama in ta ce a zauna. Ta sa na ɗauko ɗaya daga cikin masu ƙazuwar, ta ɗora masa a kan ƙoƙon gwiwa, ta dafe hannunsa a kai. Can na ga kafaɗunsa sun sauka, hankicin ya faɗi ƙasa bai ko duba ba.

"Haka suke dama?" ya ce a hankali.

"Tun kafin a haifi wanda ya ba ka jakar."

Ya daɗe kafin ya buɗe jakar ya zaro wata takarda daban. Ya ce akwai hanya. Zai rubuta biyar ɗin lafiyayyu, ya ba kowanne takardarsa, in an yaye su kuma yana roƙon ɗaya wa mahaifiyarsa. Abin da ya rage kawai in sa hannu cewa a cikin akwatin gwamnati aka haife su, a ciki suka tashi.

"Darakta na neman gida ko ɗaya ne da duk 'ya'yan suka rayu," ya ce. "Da rahoton za a yi odar wasu akwatunan ɗari uku."

"Sauran gidajen da suka karɓa fa?"

Ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwanona. "Rahotonsu bai kammala ba."

"Na gidan mai burodi ya kammala," in ji Don Zenón ta kan katanga. "Shida ta haifa a cikin ƙarfen, biyu suka rage. Kada ka sa hannu, maƙwabci."

Ina so in ce muku na yaga takardar na watsa masa a fuska. Shekara goma sha ɗaya ina zagin masu sa hannu a wannan shafin, na san kalmomin da ake faɗa a irin wannan wuri. Amma na waiwaya na ga Doña Eufemia a kujerarta, ta ɗora autan a kan gwiwa, ta lumshe ido, bakinta a ɗan buɗe. Rabon da in ga fuskarta a sake haka tun watan Yuni. Jibi kuma ba nisa gare shi ba. Na karɓi biron Injiniya na sa hannu, har ya yaba kyan rubutuna. Na ji saukar Don Zenón daga kan bencin da ya taka.

Muka juye albasa, muka jera biyar ɗin a cikin ƙarfen aka ɗauki hoto. Minti biyu suka yi a ciki, suna rawar ɗari, uwarsu tana kuka a bakin ƙofa.

Saboda haka, jama'a, in kun ga hoton a bangon ofis, an rubuta cewa akwatin Mai Girma ya yi nasara ɗari bisa ɗari bisa shaidar wani dattijo mai suna Eleuterio Chapoñán, kada ku kwantar da karyarku a ciki. Ku nemi katako da sanda, ku auna ta a kwance. Shaidar kuwa ku yi watsi da ita. Na san mutumin, da gwiwar surukarsa aka saye shi.