Takalman Igurdan

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana masu karatu. Ku ce ta zo mu ji ta, don ni ma na gaji da riƙe ta a ciki.

Yau ma na wuni a gindin ɓaure da kwandon ƙwai ina jiran motar kasuwa, ba ta zo ba. Ita ce ke kai ni birni in karɓo maganin gwiwa, in leƙa jikokina.

Garinmu Igurdan ba shi da wuyar kwatance. Dutse a gabas, dutse a yamma, rafi a tsakiya wanda ba ya tunawa da mu sai lokacin sanyi, don nan da sanyi ake ruwa, sai hanya guda. Tarihin ma gajere ne: alfadarin kakanmu ne ya zo nan ya ƙi yin gaba, kaka ya sauke kaya.

Bara Mai Girma Sarkin Ƙidaya ya zo da tabarau da tumbi, Allah ya ƙara masa. To mu nan ba a ƙirga mutane, kowa na tsoron kambun baka.

Ya fara da maƙwabciyata, har da kiran ta Lalla, wato uwargida. "Lalla Itto, 'ya'yanki nawa?" in ji shi.

"Alhamdu lillahi, Sidi, ranka ya daɗe. Ƙara shayi."

Maƙwabciyar tawa gidanta cike yake kamar kasuwa, amma ta kora yaran can bayan gidan sun ɓuya. Haka kowa ya yi. Ya sha shayin na'ana'a har ya ƙoshi, ya koma ya ce ba mu kai yawan da za a ɓata man mota a kanmu ba. Aka janye mota.

Bihi mai gasa burodi ne ya kawo mini dabara.

"Inna Yamna, ai baki ba ya kama takalmi. A kira Sarkin Ƙidaya ranar Juma'a, kowa ya ajiye nasa a ƙofar masallaci, ya ƙirga."

"Kai Bihi, ashe ba garin alkama kaɗai ke cikin kan nan naka ba," na ce.

Sai dai mun zarce. Itto ta kwaso har na surukanta da ke ƙasar waje. Bihi ya kawo waɗanda ɓera ya gama da su. Ni kuma na ɗauko na marigayi mijina Moha na jera.

"Yamna, ba ki tsoron Allah?" in ji Itto.

"Bar shi ya yi wa garinsa aiki yau, da ransa bai taɓa yi ba."

Mai Girma ya zo ya ga takalma har bakin rafi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ashe birni ne."

Birni kuwa, in ji su, ba ya hawa mota a gindin ɓaure, sai a tasha. Manya suka zo da makaɗa, suka cinye mana tumaki da kuskus, suka kafa dutse guda na harsashin tashar, mai rubutun zinariya. Suka ce mota za ta dawo da zarar an gama ginin. Ina yaba musu, dutsen ya yi kyau.

Sarkin Ƙidaya ya sami ƙarin girma saboda gano sabon birni. Bihi na nan bakin tanderunsa, ba mai neman shawararsa. Itto na shanya ɓaure a kan dutsen tasha. Takalman Moha sun ɓace a cikin cunkoso. Ni kuwa gobe zan tafi karɓo magani a kan alfadari, in ya yarda ya yi gaba.