Rijiyar Farfesa

A layinmu Allah ya yi mana baiwa da masani, mutumin da ko tari ya yi sai ka ƙaru. Muna kiransa Farfesan Rijiya. Asalinsa mai gyaran famfo ne. Aka tura shi taron kwana ɗaya kan ruwan sha, ya dawo da jaka mai tambari da kalmomi biyu, aidin da seleniyam. An gaya musu in waɗannan suka yi ƙaranci a ruwa da abinci, wuya kan kumbura a yi maƙoƙo. Sauran bayanin barci ya cinye.

Tun daga ranar rijiyar gidansa, wadda gida takwas ke sha, ta zama jami'a. Kafin ka zura guga sai ka sha lacca. Yakan kurɓi ruwan, ya kuskure baki, ya kalli sama.

"Aidin kashi tamanin," in ji shi. "Seleniyam yana can ƙasa yana hutawa. Harshen nan da kuke gani, jama'a, babu na'urar da ta kai shi."

Har doka ya kafa a gida: kada matarsa ta ƙara sayen gishiri mai aidin, wai cin fuska ne ga rijiya.

Wuyan Farfesa kuwa sai cika yake kamar ana hura shi. Maɓallin riga ya ƙi shiga, ya ce tela ne jahili. Da kumburin ya kai girman lemo, ya ce ilimi ne ya cika kai yake gangarowa.

Rannan wata ma'aikaciyar lafiya ta zo gwajin rijiyoyi, don maƙoƙon ya fara yawa a layin. Ta ɗebi ruwa a kwalba, ta ajiye kan benci, ta shiga ɗaki duba matar gidan. Aka bar Farfesa da kwalba suna kallon juna. In na'ura ta ƙaryata harshe fa? Ya yi sanɗa zuwa kicin, ya damƙo gishiri, ya zuba, ya girgiza sosai. A ransa ya ce ai ba maguɗi ba ne, taimakon kimiyya ne.

Bayan sati biyu ya jera kujeru a tsakar gida, ya gayyaci layi kakaf jin sakamako. Ma'aikaciyar ta buɗe takarda.

"Aidin, babu ko ɗigo. Seleniyam ma bai zo ba. Gishiri kuwa, ko akuya ba a ba wannan ruwan."

A nan Farfesa ya tuna irin gishirin da dokarsa ta bari a kicin.

"Baba, dole a rufe rijiyar," ta ce. "Sai dai in wani ya taɓa kwalbar. In haka ne a faɗa, mu sake ɗiba yanzu, magana ta wuce."

Matarsa, wadda ita ta share gishirin da ya zube ƙarƙashin benci, ta zuba masa ido. Kalma ɗaya ce tsakanin gida takwas da ƙishirwa. Farfesa ya miƙe, ya gyara gilashi, ya dafa lemonsa.

"Ba wanda ya taɓa. Bincikena ya daɗe da nuna akwai teku ƙarƙashin gidan nan. Yau ne kawai kimiyya ta kamo ni."

Ya tsaya jiran tafi. Mutane suka tashi neman jarkoki.

Washegari aka daɓe bakin rijiyar da siminti. Tun bai bushe ba Farfesa ya hau kai yana bayanin irin kifin da ke ƙasa. Matarsa ta fito ta dire masa jarka biyu a gaba.

"Ungo, mai teku. Famfo yana bayan kasuwa, kuma layin masu ɗiba ya kai titi. In ka je ka yi shiru, maƙwabta ne gaba da bayanka."