Gaisuwar da Ta Ƙi Ƙarewa

Matar da ke koya min motsa jiki ta tsara min tafiya a hankali, saboda gwiwoyina. Na ji haushi. Ni da nake hawa duwatsun Kazaure a guje ina budurwa? Kewar ƙuruciyata ta kama ni, malamar na fita na shiga tsallen kwaɗo.

Washegari na je Roni gaida surukata. Na durƙusa lafiya, tashi ya gagara. Gaisuwa ta ƙare ina durƙushe.

Hajiya ta rage murya ta ce, "Faɗa min, 'yata, me yaron nan ya yi miki?"

Ƙannen mijina ne suka ɗaga ni. Har yau in na shigo sai su ce, "Mai ladabi ta iso, a kawo mata filo."