Ƙwan Tasalla a Ludayi

A wani daji da ke bayan wani kogi, an gama kaka lafiya, rumbuna sun cika, sai ƙoshi ya fara sa dabbobi neman abin yi. Nan Gadu, ciyaman ɗin kwamitin shagali, ya ɓullo da sabon wasa: tseren ƙwai a ludayi. 'Yan tsere huɗu a kowace ƙungiya, a kama ludayi da baki, a ruga a miƙa wa na gaba, har gindin tsamiya.

Tasalla zabuwa ba ta da shirin wasa ko kaɗan. Ambaliya ta share mata sheƙa, ƙwai goma sha shida sun bi ruwa, saura ɗaya tal, kuma kwana ashirin da bakwai ke nan tana kwance a kansa. Leƙowa kawai ta yi ta ga abin da ake wa kiɗa, sai ta ji sunanta a bakin Gadu.

“Jama'a, ku tafa wa baiwar Allah Tasalla, wadda ta sadaukar da ƙwanta domin ci gaban wannan daji!”

“Ranka ya daɗe, ni yaushe na ce...”

“Kun ji tawali'u ko? A ƙara mata tafi!”

Aka ƙara. Wallahi kunya mugun abu ce. Kafin ta gama haɗa maganar da za ta yi, ga ƙwai nan a ludayi. Ƙungiyar Dila kuwa farin dutsen rafi suka ɗiga wa zane da gawayi, kowa ya gani, kowa ya yaba kyawun ƙwan. Abin da Tasalla ta iya kawai shi ne roƙon a sa ta a ƙarshe, don ɗanta ya dawo hannunta.

Sauran ukun ba gudu aka duba ba wajen zaɓensu, adalci aka duba: kowace unguwa sai ta samu wakili. Unguwar Reshe ta ba da Hawainiya, Unguwar Dutse ta ba da Biri, Bakin Ruwa kuma ta turo Guza. Da Tasalla ta ji sunan Guza, sai ta rafka salati, don duk dajin an san abin da yake karyawa da shi.

Aka busa ƙaho. Hawainiya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi shawara da ita, ta mayar. 'Yan kallo suka kwashe da dariya, Zomo har da birgima. Tasalla kuwa addu'a take zuba mata.

“Haka nan, Yaya Hawainiya! Kada ki ji ta kowa, Allah ya ƙara miki nauyin jiki!”

Sai da rana ta take ta isa wurin Biri. A nan Gadu ya tsayar da kowa, har da ƙungiyar Dila, domin dokar kwamiti ta ce ba a miƙa ludayi sai da bikin miƙawa: mai bayarwa ya yi jawabi, mai karɓa ya yi godiya, shaidu biyu su shinshina ƙwan. Ƙwai dai yana cikin rana, yana ta ɗaukar ɗumi.

Biri ya karɓa ya tashi kamar an harba shi. Da ya ji guɗa, sai kansa ya kumbura, ya cilla ƙwan sama ya yi alkafura ya cafe. Jama'a suka ce a maimaita. Ya maimaita! Tasalla ta rufe ido da fiffike, tana ihun da babu mai ji.

Aka sake biki, Guza ya gyara murya.

“'Yan'uwa, na san ana zargina. To ku shaida, mai magani ya hana ni ƙwai tun watan jiya. Amana ce, zan kai ta.”

Ya kai ta kuwa, yawu na zuba ta gefen ludayi, idonsa duk ya yi ja don haƙuri. Yana tsayawa gaban Tasalla sai aka ji ƙwas. Ɓawo ya tsage, wani ɗan kai jiƙaƙƙe ya leƙo ya ce tsiyu.

Daɗi ya kusa kashe Tasalla. Ta miƙa baki, Gadu ya tare ta da haure.

“Dakata, malama. Ƙwai aka ce a miƙa miki. Wannan abin ba mu san da zamansa ba, sai kwamiti ya zauna.”

Guza ya ajiye ludayi a hankali, ya lashe baki.

“Ranka ya daɗe, mai maganin nan ƙwai kawai ya ambata.”

Ai ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ta yi tsalle ta kafta wa Guza sara a hanci, ta sure ludayin da ɗanta a ciki, ta zuba da gudun da ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Ta wuce Dila da dutsensa, ta wuce tsamiya, ta wuce masu kiɗa, fili ya kaure da sowa, ita ko waiwaye babu sai ƙarƙashin sabarar da take kwanci. Can ta tura shi cikin fiffike, tana haki tana dariya tana kuka lokaci guda.

Aka ba ƙungiyar Dila kambu, tunda nasu ƙwan ya isa ko tsagewa bai yi ba. Sannan Gadu ya bayyana alhininsa kan ƙwan da ya salwanta a hannun hukuma, ya kafa kwamitin bincike mai mutum tara.

Kwamitin yana nan yana aiki tuƙuru. Bana ma, da sakatarensa ya tsufa, an naɗa wani saurayin zabo mai hazaƙa, ɗan gidan Tasalla, ya ci gaba da neman ƙwan.