Kwandon da Na Ɗauka na Tsuntsaye Ne

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Nusaiba ta ja ni wasan jifa da faifai ba.

Bari in fara daga shinkafa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta raine mu a kan cewa ba a zuba abinci a shara. A Kano abin ba wuya, akwai kaji, akwai akuyar maƙwabta. To a flat ɗinmu na Abbey Wood, nan ƙasar Turawa, fa? Yara su tsakuri abinci su ture, maigida ya ce ya ci a wurin aiki, ni in tsaya ina kallon tukunya kamar mai laifi. Sai na koma ƙulla ragowar a leda, in na kai autana makaranta in bi ta lambun unguwa in watsa wa tattabaru.

Wata safiya na tarar an kakkafa wasu kwanduna na ƙarfe a kan sanduna, da sarƙoƙi suna reto a samansu. Na zagaya ɗaya, na ce lallai Turawa da tausayin dabba! Council, wato hukumar unguwa, ta yi wa tsuntsaye wurin cin abinci, sarƙar kuma don kada karnuka su sa baki. (Har addu'a na yi musu, wallahi.) Na zaɓi wanda ke gindin wata babbar bishiya, kullum nan nake juye ledata.

A kwanakin ne Nusaiba, babbar 'yata, ta shiga aikin sa kai a wani sabon wasa da za a buɗe, wai disc golf, wasan jifa da faifai. Hausa kam tana ji sarai, amma da Turanci take mayar da amsa, da sauri kamar ana korar ta. Ta sha dawowa tana ƙorafi cewa wani ƙazami yana ɓata musu kayan wasa, ita ake bari da wankewa. Ina gaban murhu, baya na ciwo, ban ko tambayi wane kaya ba. Na ce, "Mutane ba su da tarbiyya. Allah ya shirye shi."

Ranar buɗewa ita aka ba ragamar sababbin shiga. Yarinyar da ko a bas ba ta son zama kusa da ni ta ce, don Allah Mama ki zo. Ina zan ƙi? Na bar wanki a inji, na kira maƙwabciyata Hajiya Mariyama, mutuniyar Kumasi, muka tafi. Da yake sabo ya bi jiki, na jefa ƙullin ragowar daren jiya a jaka, na ce in an tashi na biya wa bayin Allah.

Muna isa, ashe a lambun nan namu ne, aka miƙa mini faifan roba. Wani dattijon Bature, gajeren wando a cikin wannan sanyi, ya nuna mana inda ake jefawa. Kwando ne. Da sarƙoƙi.

Na yi salati a zuci. Na ce in na kama bakina, wa ya sani?

Muka fara. Jifana na farko ya faɗa cikin ƙaya, na biyu ya koma bayana (har yau ban san yadda aka yi ba). Mayafi na zamewa, kafaɗa na zogi, takalmi ya sha taɓo. Hajiya Mariyama sai dariya take: "Maman Nusaiba, kina jifa kamar kina korar ƙuda!" Nusaiba kuwa tana gaba, tana gyara wa mutane hannu, fuskarta fal murna. Kowane kwando muka wuce, sai in ga bishiyar nan ta ƙara matsowa.

Da muka iso, dattijon ya tsayar da mu ya ba da labarin mai zuba shinkafa. Ya yaba wa Nusaiba kan wankin da ta sha, aka tafa mata. Ni ma na tafa.

Sai na ji fiffike.

Tattabara ɗaya ta sauka a kan kwandon. Sai biyu, sai garke guda. Ga mutane cike da wurin, amma ba su nufi kowa ba sai ni. Suka kewaye ƙafata suna guɗa irin tasu, wata mai ɗingishi da na saba ware wa nata har tana tsattsagar bakin siket ɗina. Na ce "kus, kus" a hankali. Ko gezau.

"Kai!" in ji Hajiya Mariyama da ƙarfi. "Wannan tsuntsu duka ya san ki fa!"

Layin jifa ya zo kaina. Na ce in jefa in tsere. Na ware hannu da iya ƙarfina, jaka ta zame daga kafaɗa, leda ta faɗo ta fashe. Shinkafa da wake, har da yankan albasa. Tattabaru suka rufa a kai.

Nusaiba ta dubi abincin. Ta san shi, ita ta ture shi jiya. Ta ɗago, idonta ya ciko, ta ce, "Mama... ke ce?"

Da Hausa. Shekara da shekaru ina roƙon in ji Hausa a bakin yarinyar nan, ashe ranar tonon asirina aka ajiye mini.

Na tattaro ɗan Turancina na ba dattijon haƙuri, na ce yarinyar ba ta san komai ba, kada a ga laifinta. Ya yi dariya har da share hawaye. Nusaiba ba ta yi ba. Har muka isa gida tana gaba ina baya. Asabar ta gaba na ɗauki bokiti da soso na bi ta, na durƙusa na wanke kwandon da kaina. Tana tsaye, can ta karɓe soson ta ce bayana zai yi ciwo. Da Turanci ta faɗa, amma na karɓa.

Yanzu da ƙaramin kofi nake auna shinkafa, wanda bai ƙoshi ba ya sha shayi. In kuma na ji ana zagin wani da ba a san ko wane ne ba, ba na saurin cewa Allah ya shirye shi. Na taɓa yi, aka amsa nan take, a gaban jama'a.